Alhassan Dantata: Attajirin da ya fara da asusu, yake gwada kasuwa kafin ya zuba dukiya

Sunan Zangon Wagadugu kansa fatauci ne ya haife shi. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya huta, kuma daga wannan kalma aka samo sunan Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar birnin, wadda aikin ZACA ya tayar da mazaunanta a shekarar 2003. Ɗaya daga cikin hanyoyin fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ta bi ta Fadan Gurma da Kupela, ta ratsa ƙasar Mosi, inda fatake ke sayen jakuna da dabbobi kafin su gangara kudu. Wannan fatauci ne ya reni Alhassan Dantata, mutumin da ake ɗauka ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma lokacin da ya rasu a 1955.

Yawancin masu ba da labarinsa a kan yawan dukiyar suke tsayawa: raƙuma ɗauke da azurfa, da dalar gyaɗa a Kano. Amma abin da ya fi amfani ga matashin da ke neman kafa sana'a yau shi ne yadda aka tara dukiyar. A Wagadugu da Yamai da Maraɗi, ba a rasa ganin yaron da ya ci bashi ko ya sayar da filin gado, ya kama shago, ya cika shi da kaya, sannan ya zauna jiran mai saye da bai taɓa tambayar abin da yake so ba. Bayan ƴan watanni shago ya rufe, bashi ya rage. Rayuwar Dantata ta bi wata hanya dabam: farawa da kaɗan, gwada kasuwa, sauraron abin da ta ce, da sauya hanya idan ta buƙaci haka.

Maraya a Bebeji

An haifi Alhassan a shekarar 1877 a garin Bebeji da ke ƙasar Kano. Gidansu gidan Agalawa ne, ɗaya daga cikin manyan rukunonin fatake uku da suka riƙe cinikin goro a ƙarni na 19, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya kawo iyalinsa Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, yana jagorantar ayari zuwa Gwanja. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce mai jarinta.

Abdullahi ya rasu a wajajen 1885, Alhassan yana da kimanin shekara takwas. Da aka raba gado tsakanin ƴaƴa masu yawa, abin da ya zo hannun yaron bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa ta tafi Akra a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta bar shi da ƴan'uwansa a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Daga sunanta ne ya samo laƙabin da ya bi shi har kabari, kuma ya zama sunan zuriyarsa: ɗan Tata.

Ya yi karatun allo kamar sauran yaran zamaninsa, kuma ya ɗanɗana rayuwar almajiri, wadda ke tilasta wa yaro neman abin da zai ci da ƙarfinsa. Masu tarihinsa sun ambaci asusun da ya riƙa jefa ɗan abin da ya samu a ciki tun yana ƙarami. Asusu ba ya ba da riba, amma yana koya wa mai shi abu biyu: ya san nawa ke shigowa, kuma ya bambance abin da yake buƙata da abin da yake sha'awa. Jarin farko na Alhassan daga irin wannan tsimi ya fito, don haka ya san zafin kowane wuri da zai kashe.

Yana da kimanin shekara 15 ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu rabbana ba, ya riƙe ƴan kaya yana sayarwa a hanya. A Akra ma uwar ba ta zaunar da shi cikin daɗi ba, ta miƙa shi ga wani malami, ya ci gaba da karatu da neman na kansa kafin ya komo gida.

Goro makaranta ce

Wanda bai san goro ba ba zai gane irin tarbiyyar da fataucinsa ke yi wa mutum ba. Goro ba ya jure sakaci. Ana ɗaure shi huhu-huhu cikin ganye mai laima, kuma dole a riƙa kwance huhun a kai a kai, a yayyafa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. Tafiya daga Gwanja zuwa Kano kuwa watanni take ci a ƙafa da jakuna, ga kuɗin fito a bakin kogi, ga harajin sarakunan hanya, ga ƴan fashi. Kowace rana da kaya suka ƙara a hanya, wani ɓangare na jarin ne ke ruɓewa.

Saboda haka bafatake ba ya jira sai ya isa ƙarshen tafiya kafin ya san halin kasuwa. Yakan tashi daga Kano da baƙin tufafi na rini da kayan fata da kanwa, ya sayar da kaɗan a wannan zango, ya sayi abin da ake nema a zango na gaba. A kowane masauki akwai maigida da dillali masu gaya masa abin da ke tafiya da abin da ya kwanta. Idan ya ji kanwa ta yi kwantai a gaba, ya rage ta tun a nan. Kowane zango ƙaramin gwaji ne, kuma asarar da za a yi a cikinsa ba ta isa ta karya mutum ba.

Alhassan ya shiga wannan sana'a a lokacin da take rikiɗa. Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, wadda Bafaranshe Binger ya ziyarta a 1888, shekarar da ya biyo ta Wagadugu, ta fara rauni tun bayan da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874. Yaƙin basasar da ya ɓarke a can a 1892 ya watsa ƴan kasuwarta zuwa Kete Krachi da Kintampo da Kumasi. Yaron da ya buɗe ido a irin wannan yanayi ya koyi cewa kasuwa ma tana ƙaura, kuma wanda ya rungumi wuri ya bar ciniki zai wayi gari shi kaɗai a rumfa.

Basasa ta mayar da shi farko

A 1893 rikicin sarauta ya ɓarke a Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, yaƙin da aka sani da Basasa, wanda ya ƙare a 1895 Aliyu Babba yana kan gadon sarauta. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, kuma da ɓangarensa ya sha kashi, sun biya farashi mai tsada. An kwashe dukiya, an kama mutane. Alhassan da wasu ƴan'uwansa na cikin waɗanda aka kama, sai daga baya suka fanshi kansu.

Ya fito ba shi da komai sai abin da ke kansa: sanin hanya, sanin kaya, da sanin mutane. Da waɗannan ya koma fatauci. Wannan ne karo na biyu da ya fara daga ƙasa, kuma mai yiwuwa a nan ya samo halin da aka san shi da shi har tsufansa, na ƙin zuba dukiya duka a wuri guda.

Jirgin ruwa a maimakon jaki

A farkon ƙarni na 20 abubuwa uku suka canza taswirar ciniki. Layin dogo daga Legas ya isa Ibadan a 1901. Wani layin daga tashar jirgin ruwa ta Sekondi ya isa Kumasi, tsakiyar ƙasar goro, a 1903. A wannan shekarar kuma Turawan Ingila suka ci Kano, bayan Faransawa sun riga sun shiga Wagadugu a 1896. Sabbin iyakoki da sabbin haraji suka sa tsohuwar hanyar ƙasa ta ƙara wuya.

A wajajen 1906 Alhassan ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Sekondi da Akra zuwa Legas, daga can a haura da shi arewa. Yana cikin Hausawa na farko da suka mayar da wannan hanya abin dogaro. Bai sayi jirgi ba, bai gina tasha ba, bai ɗauki ɗaruruwan ƴan alaro ba. Wuri kawai ya riƙa biya a jirgin da wasu suka mallaka, gwargwadon kayan da yake da su. Idan gwajin ya ƙi, asararsa huhunan da ya ɗora ne kawai.

Gwajin bai ƙi ba. Tafiyar teku da ke ɗaukar kwanaki ta maye gurbin wani babban yanki na tafiyar watanni. Ribar wannan ta wuce ragin kuɗin sufuri. Goro yana isa kasuwa da ɗanyensa, sankara ba ta samu lokacin yin ɓarna ba. Sannan jarin da a da yake juyawa sau ɗaya a shekara, yanzu yana juyawa sau da yawa. Ɗan kasuwar da kuɗinsa ke dawowa sau biyar a shekara ya fi mai jari ninkinsa biyu wanda nasa ke dawowa sau ɗaya, kuma ya fi shi saurin gane kuskure, domin kowace tafiya tana zuwa masa da labarin kasuwa.

A kan wannan hanya ya riƙa gwada wasu kayayyaki: duwatsun ado, da tsakiya, da yadin Turai. Wanda ya karɓu ya ƙara, wanda bai karɓu ba ya bari. Zaman bakin teku ya kuma ba shi abin da yawancin abokan sana'arsa na Kano ba su da shi: ɗan Turancin da zai yi ciniki da kamfanonin Turawa ba tare da tafinta ba, da sanin yadda suke riƙe lissafi.

Turawa sun so auduga, manoma suka zaɓi gyaɗa

Layin dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Waɗanda suka matsa a gina shi auduga suke hange. Masaƙun Lancashire a Ingila suna neman inda za su samu auduga ban da Amurka, kuma ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1902, ta ɗauka ƙasar Hausa ce za ta cike wannan giɓi. An yi lissafi a ofisoshin Landan da Manchester, an kashe kuɗi mai yawa, amma ba a zauna da manomin Kano an ji ta bakinsa ba.

Manomi kuwa yana da nasa lissafi. Masaƙa da marinan Kano suna biyan auduga fiye da yadda Turawa ke tayawa. Auduga tana cin aiki da ƙarfin ƙasa. Gyaɗa kuma ta dace da jigawar Kano, ana haɗa ta da hatsi a gona ɗaya, kuma idan farashi ya faɗi ko yunwa ta zo, ana cin ta, a yi ƙuli-ƙuli da mai. A daidai lokacin masana'antun Turai sun gano yadda ake daskarar da man tsirrai a yi man shafa a burodi da sabulu, don haka suna neman gyaɗa ido rufe.

Fataken goro ne suka haɗa waɗannan ɓangarori biyu. Irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo sun aika yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗi, suna shaida wa manoma cewa akwai mai sayen gyaɗa. Abin da Najeriya ta fitar ya tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913, har tashar jirgin Kano ta rasa inda za ta sa buhuna. Babban shirin da aka tsara daga nesa ya sha ƙasa, ƙananan gwaje-gwajen mutanen da ke kusa da manomi suka yi nasara.

Alhassan ya dawo Kano da zama a wannan zamani, ya gina gida a Sarari kusa da unguwar Koki. Babbar shigarsa cinikin gyaɗa ta zo a 1918, lokacin da kamfanin Niger Company ya nemi ya riƙa saya masa. Ya shiga da jarin da goro ya tara masa, kuma bai saki goron ba. Ya ci gaba da cinikinsa, ya haɗa da shanu da tufafi da hatsi, ta yadda idan wata kasuwa ta yi sanyi wata za ta riƙe gidan.

Tsarin da ya bi wajen saye shi ne na fatauci da ya gada. Yakan ba yaro ɗan jari kaɗan ya tura shi ƙauye. Idan ya dawo da kaya masu kyau da lissafi daidai, a ƙara masa. Idan ya gaza, asarar kaɗan ce, kuma an san halinsa. Da haka amana ke girma tare da jari, kuma yaran nan su ne idanunsa da kunnuwansa: su ke gaya masa inda damina ta yi kyau, da inda manoma ke neman gishiri ko yadi, da abin da abokan hamayya ke biya. Zuwa 1922 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Kano, ya wuce waɗanda suka riga shi shiga gyaɗa. Ana ruwaito cewa a 1929 ya kai wa bankin Bank of British West Africa da ke Kano kuɗin azurfa kayan raƙumi 20.

Duk da haka, waɗanda suka rubuta tarihinsa sun haɗu a kan cewa bai canza hali ba. Ba ya almubazzaranci a ci da sutura, yana bin lissafinsa da kansa, kuma yana sa ƴaƴansa aiki kamar sauran yaran gida. Lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe daga 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, ƴan kasuwa da yawa da suka dogara ga bashi da kaya iri ɗaya suka karye. Shi ya tsallake, domin kuɗin da yake kashewa kaɗan ne kuma ƙafafunsa suna kan kasuwa fiye da ɗaya.

Dalar gyaɗa: dabara ce, kuma alamar matsala

Ana danganta dalar gyaɗa ta Kano da Alhassan Dantata. Buhuna ne ake jerawa a fili, faɗi a ƙasa, tsini a sama, har dala ɗaya takan ɗauki buhu kusan 15,000. Hotonta ya shiga takardun kuɗi da kan sarki, ta zama tambarin arzikin Arewa.

Ta fuskar tsimi, dabara ce mai kyau. Maimakon a kashe dukiya wajen gina manyan rumbuna da za su zauna wayam rabin shekara, sai aka yi amfani da fili da ƙarfin ƴan dako da rani mara ruwa, a rufe da tamfol idan damina ta matso. Siffar dala kuma tana sauƙaƙa ƙidaya.

Amma akwai wani gefen. Dalar ta yi tsawo ne saboda jirgin ƙasa ba ya iya kwashe gyaɗar da sauri zuwa Legas, musamman a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka yi ƙarancin taragai da kawunan jirgi. Buhun da ya kwana wata da watanni a fili kuɗi ne a ɗaure, ga ƙwari, ga laima. Abin da masu kallo ke gani a matsayin arziki, ɗan kasuwa yana ganinsa a matsayin jarin da ya kasa juyawa. Shagon da ya cika maƙil da kayan da ba sa motsi ƙaramar dala ce irin wannan.

Katangar mulkin mallaka

Ba daidai ba ne a nuna kamar hikima kaɗai ta isa. Kasuwar da Alhassan ya yi aiki a cikinta ba a shimfiɗe take ba. Kamfanin Lever Brothers ya saye Niger Company a 1920, kuma a 1929 aka haɗa shi da wani kamfani aka kafa United Africa Company, wato UAC, wanda ya mamaye saye da fitar da amfanin gona. Jiragen ruwa da bankuna da kasuwar Turai duk a hannun Turawa suke. Dantata, duk da dukiyarsa, ya daɗe yana matsayin mai saya wa kamfani, kuma yunƙurinsa na fitar da kaya da kansa ya ci karo da wannan katanga. A lokacin yaƙi gwamnati ta karɓe ikon sa farashi, a 1949 kuma aka kafa hukumar cinikin gyaɗa. Sai a farkon shekarun 1950, gab da ƙarshen rayuwarsa, ya samu lasisin saya wa hukumar kai tsaye.

Haka kuma tsarin ba da kuɗi ko kaya tun kafin kaka, wanda dukkan masu sayen gyaɗa suka yi amfani da shi, yana da kaifi biyu. Yana fitar da manomi daga ƙuncin bazara, amma yana ɗaure shi ga mai saye guda, ya rage masa bakin ciniki idan amfani ya nuna. Wanda zai ɗauki darasi daga wannan zamani ya kamata ya ɗauka da idonsa a buɗe.

Abin da Japan da Amurka suka sa wa suna

Dantata bai karanta littafin koyar da kasuwanci ba, kuma kalmomin da ake yayi yanzu ba su wanzu a zamaninsa ba. Amma abin da ya yi a aikace ya yi kama da abin da wasu suka tsara daga baya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Toyota na Japan ba shi da kuɗin da zai tara kayan gyara da motoci kamar kamfanonin Amurka. Injiniyansa Taiichi Ohno, wanda ya rayu daga 1912 zuwa 1990, ya gina tsarin da ba a ƙera abu sai an buƙace shi, kuma ya lissafa tarin kaya da jira da yawan dako cikin nau'o'in ɓarna da dole a kawar.

A 2011 wani Ba'amurke mai suna Eric Ries ya fitar da littafin The Lean Startup, inda ya ɗauko wannan tunani ya ɗora a kan kafa sabuwar sana'a. Gundarin shawararsa shi ne mai sabon kaya ya fitar da samfuri mafi sauƙi da zai iya kai wa mai saye, ya auna yadda aka karɓe shi, ya koyi darasi, sannan ya yanke shawarar ci gaba ko sauya hanya. Misalin da aka fi bayarwa shi ne na Zappos. A 1999 wanda ya kafa shi, Nick Swinmurn, bai sayi takalma ya tara ba. Hotunansu ya ɗauka a shagunan unguwa ya sa a intanet, idan wani ya yi oda sai ya je ya saya ya aika masa. Sai da ya tabbatar mutane za su sayi takalmi ba tare da sun gwada ba, sannan aka zuba jari.

Huhun goron da Alhassan ya fara ɗorawa a jirgin wasu, da ɗan jarin da yake ba sabon yaro, da yadin da yake gwadawa kafin ya ƙara oda, duk wannan hanya ce. Bambancin kawai shi ne shi a zango ya koye ta, kuma kuskure a wurinsa yana nufin kwana da yunwa.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Alhassan Dantata ya yi aikin hajji, ya kuma taimaka wa mutane da yawa suka sauke farali. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Kafin rasuwarsa ya yi wa ƴaƴansa wasiyya su haɗa kai kada su wargaza kasuwancin, wanda ya ci gaba da sunan Alhassan Dantata and Sons. Mutumin da rabon gado ya bari da ɗan abin da bai kai ya kawo ba yana yaro, ya san abin da rarrabuwa ke yi wa jari.

Ƴaƴansa, musamman Sanusi da Aminu, sun faɗaɗa harkar zuwa sufuri da gine-gine da masana'antu. Hakan ya cece su, domin gyaɗar da ta ɗaukaka gidan ba ta dawwama ba: farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da komawar hankalin gwamnati kan man fetur, sun share dalar daga filayen Kano. Aliko Dangote, wanda aka haifa a 1957, jikan Sanusi ne ta wajen mahaifiyarsa Mariya. Shi ma ya shafe shekaru yana saye da sayar da siminti da sukari da shinkafa, ya san masu sayensu ciki da waje, kafin ya gina masana'antar yin su.

Ga matashin Zango da ke da sefa 50,000 da niyyar sayar da sabon nau'in kilishi ko turare ko ɗinkin zamani, tarihin nan yana da amfani kai tsaye. Kafin ya kama shago kusa da kasuwar Rood Woko, zai iya yin ƙulli 20 ya kai wa mutum 20, ko ya sa hoto a WhatsApp ya ga wa zai biya. Yabon ƴan'uwa ba ciniki ba ne, wanda ya ciro kuɗi daga aljihu ya kuma dawo karo na biyu shi ne shaida. Ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowace rana, ya lura da kwana nawa kuɗinsa ke yi kafin su dawo, ya tsince abin da ba ya tafiya kamar yadda ake tsince goro mai sankara. Idan kasuwa ta nuna masa gyaɗa alhali shi auduga ya shirya, ya bi gyaɗar. Shago da allon suna da firji za su zo daga ribar da aka tabbatar, kamar yadda gidan Sarari ya zo bayan shekaru kusan 20 na huhu da asusu.